Wasiƙa zuwa ga Abba kan littattafan nan biyu masu kauri

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya hunturu? Mahaifiyarka da ƙannenka duk lafiya ƙalau, suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso. Ka ce ka sayi littattafai biyu, na masanin tattalin arziki Thomas Piketty kan jari da tazarar da ke tsakanin masu hali da talakawa, da wani kan yadda addinin Kirista ya faro, kuma duka biyun sun tsaya maka a wuya tun ba ka wuce shafi na 50 ba. Kada abin ya dame ka. A 2014 wani masanin lissafi a Amurka, Jordan Ellenberg, ya duba wuraren da masu karanta littafin Piketty a na'urar Kindle suka fi ja wa layi, ya tarar na ƙarshensu a shafi na 26 yake, alhali littafin ya kusa shafi 700. Ka ga har ka kusa ninka su. Inda ka yi kuskure shi ne kana bin su daga bango zuwa bango kamar labarin soyayya. Irin wannan littafi ƙara ce marubuci ya shigar gabanka, kai ne alƙali, kuma duk abin da ya faɗa sai ka ce masa: ina shaida, a ina ka samo ta?

Ka tanadi fensir da littafin rubutu mai shafi 80, ka raba kowane shafi gida uku: abin da marubuci ya yi iƙirari, hujjar da ya kawo, sai abin da bai kwanta maka ba. Shafi 20 a rana bayan asuba ya isa, kafin waya ta fara ƙara. A haka kwana 35 za su kai ka ƙarshen Piketty. Ka fara da gabatarwa, ka tsallaka ka karanta kammalawa, sannan ka dawo babi na ɗaya. In ka gama shi ka wuce kashi na uku, inda ainihin maganar rabon dukiya take. Kashi na biyu zai jira ka.

Abu na farko da ke rikita masu karatu shi ne haɗa kuɗin shiga da dukiya. Kuɗin shiga ruwan da ke zubowa daga famfo ne, dukiya kuwa wanda ya riga ya taru a randa. Likita mai albashi mai tsoka yana iya zama a gidan haya, tsohuwa mai gidaje uku na gado kuma ba ta da albashin ko kwabo. Rabon randa kullum ya fi na famfo muni. A ƙididdigar Piketty, wajen 1910 kashi 10 cikin 100 na mutanen Turai su ke riƙe da kusan kashi 90 na dukiya. A 2010 abin ya sauko zuwa kusan kashi 60 a Turai da 70 a Amurka, rabin jama'a na ƙasa kuma ba su wuce kashi 5 ba. Duk jadawalin da ka gani, kafin ka kalli lambobin, ka duba kansa: famfo ake aunawa ko randa, kafin a cire haraji ne ko bayansa, mutum ɗaya ake ƙirgawa ko gida guda.

Ka yi hattara da kalmar matsakaici. Mutum goma suna zaune a zaure, tara kowanne na samun naira 50,000 a wata, na goman na samun miliyan 5. Ka tara ka raba goma, sai ka ga kowa na samun 545,000, adadin da ba ko ɗaya daga cikinsu da ke samunsa. Shi ya sa marubutan kirki suka fi son su jera mutane sahu su ɗauki na tsakiya, ko su faɗi kason da na sama suka kwashe.

Ƙashin bayan littafin magana ɗaya ce: ribar da jari ke kawowa, wadda a tarihi take tsakanin kashi 4 zuwa 5 a shekara, ta fi saurin bunƙasar tattalin arziki, wadda a ƙasashe masu arziki ba ta cika wuce kashi 1 zuwa 1.5 ba idan aka auna dogon zango. Kada ka wuce wurin nan sai ka yi lissafin da hannunka. Ka raba 70 da kason, abin da ya fito shi ne shekarun da abu zai ninka. Kashi 5 na ninkawa a shekara 14, kashi 1 sai shekara 70. Wato a tsawon rayuwar mutum ɗaya, dukiyar da ake mayar da ribarta cikinta ta ninka sau biyar, ta zama 32 a madadin 1, yayin da abin da ma'aikaci ke samu ya ninka sau ɗaya tak. Da yayyafi kogi kan cika.

To a gida na uku na littafin rubutunka sai ka tambaya: wa ke mayar da ribarsa duka? Mai dukiya yana ci, yana biyan haraji, yana asara, in ya mutu magada su raba. Attajirin da ya bar 'ya'ya 20 aka yi rabon gado bisa shari'a, dukiyarsa ba za ta yi tafiyar ta turawan Ingila na da ba, waɗanda babban ɗa ke gaje filin gidan ɗungurungum. Wani ɗalibi a Amurka, Matthew Rognlie, ya nuna a 2015 cewa yawancin ƙaruwar kason jari da ake gani daga tsadar gidaje ta fito. Jaridar Financial Times ma ta ƙalubalanci wasu alƙalumansa a 2014, musamman na Ingila, shi kuma ya mayar da martani. Ka nemi sukan da martanin ka karanta bayan ka gama, kada kafin. Maganin da ya kawo, harajin shekara-shekara kan dukiyar da aka tara, kashi 1 ko 2 ga masu miliyoyin yuro, ba zai zame maka baƙo ba tunda ka san zakka ɗaya cikin arba'in ce, wato kashi 2.5. Sai dai ka lura zakka ba ta hawa kan gidan da mutum yake zaune ciki, kuma kasonta ba ya ƙaruwa da yawan dukiya, nasa kuwa yana ƙaruwa.

Yanzu ga batun shaida. Ƙarfin Piketty daga takardun haraji da na gado yake. Faransa tana rubuta gadon mamatanta tun bayan juyin juya halin 1789, Amurka ta kafa harajin kuɗin shiga a 1913. Inda babu irin waɗannan takardu, sai a dogara da binciken gida-gida. Akwai ma'aunin da ake kira Gini, daga 0 zuwa 100, yawansa yawan tazara. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya ba Najeriya kusan 35, Amurka tana wajen 41, Afirka ta Kudu 63 a ƙididdigar 2014. Wanda bai tambayi shaida ba sai ya ce ashe mun fi Amurka adalci. Amma namu abin da gida ke kashewa aka auna, nasu abin da ke shigowa, kuma attajiri ba ya kashe duk abin da ya samu. Sannan ka hango ma'aikacin ƙidayar da jakarsa. A ƙauye za a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, uwargida ta lissafa masa kwanon gero nawa aka ci a mako. A unguwar manya kuwa, maigadi zai leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce Alhaji ya yi tafiya, ya mayar da sakata. Gidan bai shiga lissafi ba ke nan.

Littafi na biyu yana buƙatar wani irin natsuwa, don ya taɓa imani. Ka sani tun farko masanin tarihi yana aiki ne da takardu da abin da aka tono a ƙasa, ba shi da ma'aunin da zai tabbatar da wahayi ko mu'ujiza ko ya ƙaryata su. Za ka tarar kusan dukansu, masu addini da marasa shi, sun tafi a kan cewa an gicciye Yesu a zamanin Bilatus, gwamnan Romawa a Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36. Kai kuma ka san abin da aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta faɗa game da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ba sai ka jefar da littafin ba, ba kuma sai ka yi faɗa da shi a kowane shafi ba. Ka rubuta abin da suka ce da dalilinsu daidai yadda suka faɗa, har ya zama in Kirista ya karanta rubutunka ya ce ba ka yi masa ƙage ba.

Ka samu dogon takarda ka ja layi daga shekara ta 1 zuwa 400, ka manna a bango. Ba tare da wannan ba sunaye za su cakuɗe maka. Jerin littattafan Sabon Alkawari ba shi ne jerin rubuta su ba. Mafi daɗewa wasiƙun Bulus ne, mai yaɗa addinin na farko-farko, ta farko zuwa ga Tasalonikawa wajen shekara ta 50. Cikin 13 da ke ɗauke da sunansa, bakwai ne masana suka haɗu a kan cewa nasa ne ba tantama: Romawa, Korintiyawa biyu, Galatiyawa, Filibiyawa, Tasalonikawa ta farko da Filimon. Bisharar Markus wajen 70, shekarar da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima. Matiyu da Luka tsakanin 80 da 90, Yohanna kusa da 100. Duka da Girkanci aka rubuta su, Yesu kuwa Aramiyanci yake yi. Daga waje akwai shaidu uku da za ka riƙa cin karo da su: Yusufus, Bayahude marubucin tarihi, wajen 93, Filini, wani gwamnan Romawa da ya rubuta wa Sarki Tirajan wajen 112 yana tambayar yadda zai yi da Kiristoci, da Tasitus, marubucin tarihin Romawa, wajen 116 da ya ba da labarin yadda Sarki Nero ya ɗora musu gobarar Roma ta 64.

Ilimin isnadi da ka ɗan taɓa a Islamiyya zai yi maka amfani sosai. Wa ya faɗa, daga wa ya ji, shekara nawa tsakaninsa da abin, kuma kwafin da ke hannunmu na yaushe ne? Cikakkun kwafe-kwafe mafiya tsufa na ƙarni na 4 ne, irin wanda aka samo a gidan zuhudu na Dutsen Sina'i, kuma a cikinsa Markus ya tsaya a sura ta 16 aya ta 8, babu ayoyi 12 na ƙarshe. Ka kuma rarrabe abin da aka gani da ido da abin da aka hasaso. Tsofaffin rubuce-rubucen addini na Nag Hammadi a Masar an tono su a 1945, na Yahudawa a Kumran kusa da Tekun Gishiri daga 1947. Amma takardar da ake kira Q, wadda ake zaton Matiyu da Luka sun kwafo daga gare ta, ba a taɓa samun ko yanki nata ba. Ka bi sawun kalmar mai yiwuwa da fensirinka. Marubuci zai ce mai yiwuwa a shafi na 40, kafin shafi na 200 ya gina bene a kanta.

Akwai wata magana da ke yawo a wayoyi, wai a taron Nikiya na 325 aka zaɓi littattafan da za su shiga Littafi Mai Tsarki. Ba haka ba ne. Rigimar wani malamin coci, Ariyus, kan matsayin Almasihu aka zauna kanta. Jeri na farko da ya dace da littattafai 27 na Sabon Alkawari na yau yana cikin wasiƙar Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ta 367. Kada in ji ka ɗauki irin wannan ka tari abokin kwananka da ita a ɗaki.

Inda littattafanka biyu suka haɗu shi ne wurin da na fi so ka daɗe. A zamanin Agustas, sarkin Roma, sai mutum ya mallaki sestas (kuɗin Romawa) miliyan ɗaya yake zama ɗan majalisar dattawan Roma, sojan ƙasa kuwa 900 yake karɓa a shekara. Raba ka gani: albashin shekara fiye da 1,100. A cikin wannan duniya Bulus yake yawo yana tara gudummawa don matalautan Urushalima. Wajen 251 ikilisiyar Roma tana ɗauke da nauyin gwauraye mata da mabuƙata sama da 1,500. A 362 sarkin Roma Yuliyan, wanda ya so ya mayar da bautar gumaka, ya rubuta yana ƙorafin cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na wasu. Wani masanin zamantakewa, Rodney Stark, ya lissafa a 1996 cewa in aka fara da mutum 1,000 a shekara ta 40, suna ƙaruwa da kashi 40 duk shekara goma, za su haura miliyan 6 a 300, su haura miliyan 33 a 350. Wannan kashi 3.4 ne a shekara, ka raba 70 da shi ka ga ninki duk shekara 20 da 'yan kai. Lissafin Piketty ne sak. Amma ka rubuta a gida na uku cewa ba wanda ya ƙirga Kiristoci a shekara ta 40, dubun nan zato ne, kuma in ka sauya kason kaɗan sai miliyoyin su watse.

Ka nemi Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, ka karanta Markus da Galatiyawa da kanka. Zama biyu ya ishe su, kuma duk ayar da marubucinka ya kafa hujja da ita ka buɗe ka ga abin da ke gabanta da bayanta. Ka kuma duba bayan bango ka san ko shi malamin coci ne, ko wanda ya bar addinin, ko Bayahude, don kowa da inda ya fi sa ido.

In ka zo hutu ka taho da littafin rubutun da takardar bangon, ina so in ga gida na uku. Mahaifiyarka ta ba direba ƙuli-ƙuli da yaji, ka tare shi a tasha ranar Asabar da hantsi.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka