Wasiƙar Babbar Sallah daga Tokyo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Baba da Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah tare da dukkan mutanen gida, Allah ya karɓi layyarku, ya maimaita mana, ya dawo da alhazanmu lafiya. Mun riga ku sallar Idi, domin agogon Japan yana gaban na gida da awa 8, wato lokacin da muke sahu a masallacin Tokyo Camii ku kuna tsakiyar barci. Ba a ba da hutun Sallah a ƙasar nan, saboda haka daga masallaci aji na wuce da babbar rigata.

Bayan haka, Yaya ya shaida mini cewa hoton da na aiko, wanda nake tsaye hayaƙi yana tashi a bayana, ya tayar wa Umma hankali, har tana tambaya me ya kai ɗalibi bakin dutse mai aman wuta. Shi ya sa na ga ya dace in yi muku bayanin tafiyar yadda take.

Makaranta ce ta shirya ziyarar, kuma malamanmu ne suka jagorance mu zuwa Hakone, wani yanki na duwatsu a jihar Kanagawa, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa daga Tokyo. Daga gindin duwatsun muka shiga wani ƙaramin jirgi mai hawa yana komawa da baya saboda tsananin gangaren, a ƙarshe kuma muka shiga wasu ƙananan ɗakuna na gilashi da ke rataye a igiyar ƙarfe, suka ratsa da mu ta saman kwarin da ake kira Owakudani. Daga nan sama mutum yana hango ƙasa ba ciyawa ba itace, ta yi ruwan ɗorawa saboda farar wuta, tururi yana fita ta ko'ina, ga wari irin na baragurbi da ke shiga tufafi. Malaminmu ya ce kwarin ya samu ne kimanin shekara 3,000 da suka wuce, lokacin da gefen dutsen ya fashe ya rufta, kuma ƙasar da ta zubo ita ce ta tare kogi har tafkin Ashi ya taru a ƙasa. Abin da kuka gani a hoton tururi ne: ruwan sama yana nutsewa cikin ƙasa, ya tarar da duwatsu masu zafi, ya tafasa, ya nemi hanyar fita.

Ba zan ce muku wurin ba shi da haɗari ba. A shekarar 2015 ya yi ɗan ƙaramin amai, aka rufe shi fiye da shekara guda, aka sake rufe shi na wasu watanni a 2019 da aka ga girgiza ta yawaita. Amma abin da ya kwantar mini da hankali shi ne yadda ake sa masa ido. Hukumar kula da yanayi ta ƙasar tana lissafa duwatsu 111 masu rai, wato waɗanda za su iya yin aman wuta, tana da matakan gargaɗi guda 5, kuma da zarar ta ɗaga matakin Hakone zuwa na biyu ake hana kowa kusantar kwarin. Akwai na'urori masu auna gubar iska, akwai ɗakunan kankare na fakewa, hanyar da ta fi kusa da tururin kuwa ba a binta sai da izini da ɗan rakiya da hular kwano. Masu ciwon asma da na zuciya ana gargaɗinsu tun daga ƙasa. A ganina mutanen nan sun ɗaure raƙuminsu sosai, kuma da ban ga haka ba da ban hau ba.

Abin da ya fi jan jama'a a wurin shi ne baƙin ƙwai. Ana dafa ƙwan kaza na kusan awa guda a cikin tafkin ruwan zafi mai digiri 80, sai ƙarfen da ke cikin ruwan ya manne a ɓawon, ya haɗu da iskar farar wuta, ɓawon ya koma baƙi wuluk. Cikinsa dai ƙwai ne kamar kowane ƙwai, na ci da gishiri ban ji wani bambanci ba. Mutanen wurin suna cewa wanda ya ci guda ya ƙara shekara 7 a rayuwarsa, kuma na lura yawancinsu da dariya suke faɗa. Wani abokin karatuna ya tambaye ni ko zan ƙara na biyu, na ce masa a wurinmu ajali rubutacce ne, amma yunwa tana sa a ƙara. Ku gaya wa Kaka kada ta sa rai, ƙwan ba zai kai gida da lafiyarsa ba.

Saura zancen wanka da ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wanda na san Baba zai tambaya. Al'adarsu ita ce a wanke jiki tas a gefe, sa'an nan a shiga kwamin ruwan zafi tare, maza daban mata daban, amma ba tare da sutura ba. Tun kafin mu tashi na sanar da malaminmu cewa addinina bai yarda da buɗe al'aura a gaban mutane ba, bai ja magana ba, ya sa masaukin suka ba ni lokaci a ɗakin wanka na mutum ɗaya, wanda galibi iyali ne ke kamawa. Ruwan ya haura digiri 40, sai da na daure kafin jikina ya saba. A dokarsu ta shekarar 1948, duk ruwan da ya ɓuɓɓugo daga ƙasa da zafin digiri 25 ko fiye ana lissafa shi cikin irin wannan ruwa, don haka Wikki ta Yankari, mai digiri 31, da a nan take da ta samu shiga, kuma wannan kwatancin nake so in sa a rahoton da zan miƙa wa makaranta.

Ina roƙon Yaya ya karanta wa Umma wannan wasiƙa a tsanake, ya kuma nemo mini hoton Wikki mai kyau ya turo kafin ƙarshen wata. Na aika masa da ɗan abin da za a raba wa yara na barka da Sallah. A gaishe mini da Kaka da Kawu da Gwaggo da maƙwabta baki ɗaya, a kuma ci gaba da sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso.

Haza wassalam.

Ɗanku mai biyayya.