Wasiƙar Makaranta zuwa ga Iyaye: Bitamin da Abincin Tara na Yaranmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu maza da mata, da kakanni da yayye da duk wanda ke riƙe da yaro a wannan makaranta tamu ta Agege, muna gaishe ku, da fatan an shiga sabon zango lafiya. Wasiƙar wannan karon ba ta jarrabawa ba ce. Maganar kuɗin makaranta kuwa tana can ƙasa, kada a yi murna da wuri. Abin da muke so mu tattauna da ku shi ne abin da yaranmu ke ci, musamman lokacin tara.

Malamai sun daɗe suna lura da abin da ke fitowa daga jakunkunan ɗalibai idan an kaɗa ƙararrawa: biskit, cincin, alewa, lemon leda mai kala, sai taliyar leda da aka dafa ba ƙwai ba ganye. Yaro zai ci ya ƙoshi, amma ƙoshi daban, ginin jiki daban. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yawancin iyayen nan su ne ke ciyar da Legas. Daga cikinku akwai masu sauke tumatir da karas da tattasai a kasuwar Mile 12, akwai mahauta a mayankar Oko-Oba, akwai masu tura baron lemo da gwanda da kankana unguwa-unguwa. Kayan gina jiki na wucewa ta hannunmu zuwa tukwanen wasu, namu yaran kuma a ba su kuɗin tara su sayi sukari.

Bitamin wasu sinadarai ne guda 13 da jiki ke buƙata kaɗan-kaɗan, kuma mafi yawansu jiki ba ya iya ƙera su da kansa, sai ta abinci. Ba su ne ke ƙosar da ciki ba, amma in babu su tuwon da aka ci ba ya zama ƙarfi yadda ya kamata, ido da fata da jini da ƙashi duk sai su fara nuna alama. Kashi biyu ne. A da D da E da K suna narkewa cikin mai, jiki yana ajiye su, galibi a hanta da kitse. C da dangin B suna narkewa cikin ruwa, mafi yawansu ba sa daɗewa a jiki, rarar tana fita ta fitsari, don haka kullum sai an sake ci.

Za mu fi tsayawa a kan bitamin A, domin shi ne rashinsa ya fi yi wa ƙananan yara illa. Kakanninmu sun san dundumi: yaro yana gani sarai da rana, amma da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe, ya kasa gane kwanonsa a tsakar gida. Sau da yawa wannan ita ce alamar farko ta ƙarancin bitamin A. Idan abin ya yi nisa farin ido yana bushewa, baƙin ido ya yi gyambo, a kai ga makantar da ba ta da magani. Kuma ba ido kaɗai ba ne. Wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, ya yi bincike a yankin Aceh na Indonesiya, sakamakon ya fito a 1986: ƙauyukan da aka bai wa yaransu ƙwayar bitamin A sun sami raguwar mace-macen yara da kusan kashi ɗaya cikin uku. Dalili shi ne wannan bitamin yana ƙarfafa garkuwar jiki, yana taimaka wa yaro ya tsallake ƙyanda da gudawa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa bai wa yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 shi duk bayan wata huɗu zuwa shida. Ita ce ƙwayar nan da ma'aikatan lafiya ke yanke bakinta su matsa wa yaro a baki: shuɗiya ta 'yan wata 6 zuwa 11, ja ta 'yan shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar. Kyauta ake ba da ita a cibiyoyin lafiya na matakin farko, da kuma lokacin makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara. Muna roƙon iyaye maza musamman, idan ma'aikatan nan suka ƙwanƙwasa ƙofa, kada a ce maigida ba ya nan.

A abinci kuwa, ba sai an je nesa ba. Hanta ita ce kan gaba, ɗan yanki sau ɗaya a mako ya ishi yaro. Sai ƙwai da nono da man shanu. A cikin tsirrai a duba launi: karas, kabewa, gwanda, mangwaro idan lokacinsa ya zo, dankalin Hausa mai jan ciki, da ganye mai duhun kore irin zogale da alayyahu da ugu da lalo, wanda maƙwabtanmu Yarabawa ke miyar ewedu da shi. Tun da cikin mai yake narkewa, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli da ɗan mai ya fi zogale tsura amfani. Manja ma yana da shi sosai, wannan jan launin nasa shi ne alamar. Sai dai a nan Legas an saba da soya manja har ya yi hayaƙi ya koma fari kafin a zuba albasa. Miyar takan yi ƙamshi, ba mu musa ba, amma abin da ake nema ya tafi tare da jan. A narkar da shi kawai a ci gaba da girki.

Tun 2002 dokar Najeriya ta wajabta wa kamfanoni su sa bitamin A a cikin man girki da sukari da fulawa, kuma kayan da aka sa wa suna ɗauke da tambarin ido a jikin leda ko galan. Ku duba shi idan za ku saya. Man da ake aunawa a kwalba, wanda ya yini a rana a bakin titi, ba wanda zai iya ce muku ga abin da ya rage a cikinsa, domin hasken rana yana lalata wannan bitamin. Akwai kuma rogo mai ruwan ɗorawa da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike suka fitar a 2011. Garinsa daban yake da jan garin da muka saba gani a kasuwa, wanda galibi manja ne ya ba shi launi.

Bitamin C shi ne na dasashi da fata da warkewar rauni. Wanda ya rasa shi dasashinsa kan kumbura ya riƙa zubar da jini, ciwon da ya kashe matuƙan jiragen ruwa da yawa a zamanin da, har wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya gwada lemon zaƙi da lemon tsami a kan marasa lafiya a 1747 ya ga sun miƙe. Mu a nan ba mu da uzuri. Giram 100 na lemon zaƙi yana da kimanin miligiram 50, gwaba kuwa ta haura 200. 'Ya'yan kuka da muke damawa da nono suna da shi da yawa, haka tattasai, haka agbalumo da ke cika titunan Legas da rani. Lemon leda da na kwalba suna ne kawai suka ara.

Ga iyaye mata, akwai abubuwa biyu na madafa da muke so a duba, kuma mun san za a yi mana gardama. Na farko kanwa. Tana sa wake ya nuna da wuri, tana sa miyar kuɓewa ta yi yauƙi, amma tana lalata bitamin C da B1. Ba mu ce a jefar da ita ba. A rage hannu, wake kuma a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba tare da ita ba, a kuma sami sauƙin gas ko gawayi. Haka ganye: a wanke kafin a yanka, a zuba shi a ƙarshen girki, kada a tafasa a zubar da ruwan. Na biyu shayi. Bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda da shi ake yin jini, shi kuwa ganyen shayi hana tsotsar yake yi. Yaron da ya ci ƙosai ko alala gara a bi masa da ɓarin lemo, shayin ya jira zuwa anjima.

Dangin B suna da yawa, ba za mu bi su ɗaya bayan ɗaya ba. B1 yana cikin dusar hatsi. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, ya lura a tsibirin Java na Indonesiya a shekarun 1890 cewa kajin da ake ba farar shinkafa da aka goge tas suna shanyewar ƙafa, in an mayar musu da mai dusa sai su warke, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1929. Darasin da ke ciki gare mu shi ne shinkafar da aka turara kafin a sussuke ta fi riƙe wannan bitamin, kuma wanke shinkafa sau da yawa da tace ruwan dahuwarta asara ce. Gero da dawa da ba a surfe su fiye da kima ba, da wake da gyaɗa, duk suna da shi. Tsagewar gefen baki da muke gani a wasu ɗalibai, wadda ake ɗora wa sanyi, sau da yawa ƙarancin B2 ne ko na sinadarin ƙarfe. B12 kuma sai a abin da ya fito daga dabba: nama, kifi, ƙwai, nono. Ba sai kaza ba. Kifin titus ko sawa guda ɗaya a miyar gida ya yi aiki.

Folik asid, wato B9, ya shafi iyaye mata kai tsaye. Ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗuwa ne a makonni huɗu na farkon ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da shi ba, kuma ƙarancin wannan bitamin na iya sa a haifi jariri da buɗaɗɗen baya. Shawarar likitoci ita ce mai shirin ɗaukar ciki ta fara shan maikurogiram 400 kullum tun kafin cikin ya shiga, ta kuma fara awo da wuri. Ɗalibanmu masu sikila da likita ya rubuta musu shi, a tabbatar ba ya yankewa.

Bitamin D fata ce ke yin sa idan rana ta taɓa ta, aikinsa kuma taimaka wa ƙashi ya sami kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa shi. Yaran da ke yini a ɗaki ɗaya a gidan haya, daga ɗaki sai aji, a bar su su fita wasa da safe ko da yamma. Amma ga wani abu da ya kamata a sani: binciken da likitoci suka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna yawancin yaran Najeriya masu lanƙwasasshiyar ƙafa kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci a abinci, ba rana ba. Saboda haka nono da kindirmo da cuku da ƙananan kifin da ake ci har ƙashi su ne abin nema, kuma yaron da ƙafarsa ta fara lanƙwasa asibiti za a kai shi.

Yanzu maganar kemis. Da yaro ya rame ko ya ƙi cin abinci, sai a aika a sayo “maganin ƙarin jini” ko “maganin cin abinci”. Wasu daga cikin ruwan magungunan nan an haɗa bitamin ɗinsu da maganin da ke sa barci da yunwa, yaro ya zo aji yana gyangyaɗi. Mafi muni, akwai masu ba yara ƙwayoyin da ke kumbura fuska da jiki, a ɗauka ƙiba ce, alhali cuta ce ake saya da kuɗi. Ko bitamin na gaskiya ma, A da D suna taruwa a jiki, yawansu guba ne, mai ciki kuwa bitamin A mai ƙarfi na iya cutar da abin da ke cikinta. Ramar yaro na iya zama tsutsar ciki ko zazzaɓin cizon sauro ko sikila, kuma babu kwalbar da za ta gane wannan sai gwaji. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi ƙwai da lemo na kwanaki. Idan likita ne ya rubuta, a sha yadda ya ce, a kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Mun san halin da ake ciki na tsadar kaya, ba kuma muna cewa a zo da abin da babu ba. Abin da makaranta ta yanke shi ne kamar haka. Daga Litinin mai zuwa masu sayar da abinci a bakin ƙofa ba za su sayar wa ɗalibai lemon leda da alewa lokacin tara ba. Mun zauna da su, sun amince za su kawo dafaffen ƙwai da alala da gyaɗa da 'ya'yan itacen da ake yayi. Wanda zai zo da abinci daga gida, a sa masa ko da abu ɗaya mai launi a ciki, karas ko ɓarin gwanda ko ganye a cikin taliyar. 'Yan aji biyar da shida za su dasa zogale da alayyahu a cikin buhuna a bayan ajinsu tare da malamin kimiyya, muna neman gudummawar tsofaffin buhuna da taki daga masu sana'ar dabbobi.

Iyayen 'yan ajin reno su turo katin rigakafin yaransu cikin wannan mako domin mu ga wanda lokacin ƙwayar bitamin A ɗinsa ya wuce, za a mayar da katin a ranar. Duk wanda ya lura ɗansa ba ya gani sosai da dare, ko dasashinsa na jini, ko tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, kada ya jira taro, ya kai shi cibiyar lafiya ya kuma sanar da malamin ajinsa.

Taron iyaye da malamai zai kasance ranar Asabar ta ƙarshen wata bayan sallar La'asar a harabar makaranta, kuma mun gayyaci ma'aikaciyar jinya da za ta amsa tambayoyi da Hausa. Iyaye mata, wurin zamanku daban an tanada, a zo da yara ba laifi. Waɗanda ba su kammala biyan kuɗin zangon nan ba su leƙo ofis kafin ranar, mu yi magana a tsakaninmu.

Allah Ya raya mana su, Ya ƙara wa kowa buɗi.

Wassalamu alaikum,
Shugabar Makaranta, a madadin malamai