Amsa ga ƙanwata kan murabus ɗin Mama Taraba

Assalamu alaikum, ƙanwata.

A taron mata da muka yi a Jalingo kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni: da Hajiya Aisha Jummai Alhassan, wato Mama Taraba, ta ajiye kujerar ministar harkokin mata a 2018, tsayawa kan gaskiya ce ta sa ta, ko kuwa fushin an hana ta takara? Magariba ta kawo kai ban samu na amsa miki ba. Tunda a bainar jama'a kika yi tambayar, ga amsar a bainar jama'a.

Hana ta takarar ne ya sa. Ina faɗin haka ne a matsayin wadda ta bi layi cikin rana ta zaɓe ta a 2015, lokacin da ta kara da Darius Ishaku na PDP a zaɓen gwamnan Taraba, wadda kuma ta yi guɗa a tsakar gida ranar da kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ce ita ta ci, kafin kotun ɗaukaka ƙara da Kotun Ƙoli su mayar wa Darius kujerarsa. Son da nake mata ba zai sa in karkata miki zance ba.

Ki duba kwanakin kawai. A ƙarshen Satumban 2018 kwamitin tantance 'yan takara na APC, a zamanin shugabancin Adams Oshiomhole, ya ƙi wanke ta ta shiga zaɓen fid da gwani na gwamnan Taraba. Hukumar zaɓe kuwa ta sa 7 ga Oktoba ranar rufe zaɓen fid da gwani ga kowace jam'iyya. Kwanaki kaɗan ke nan suka rage mata ta nemi wata inuwar. Ba yadda za a yi ta zauna a majalisar ministocin Buhari tana riƙe da tutar wata jam'iyya, don haka ta ajiye muƙamin, ta bar APC, ta shiga UDP, duk a tsukin mako guda. Jadawalin hukumar zaɓe ne ya zaɓa mata ranar.

Ranar da ya kamata ta sauka ta wuce da shekara guda. A Satumban 2017 ta shaida wa BBC Hausa cewa Atiku Abubakar ubangidanta ne a siyasa, kuma ko Buhari ya sake tsayawa a 2019, Atikun za ta mara wa baya. Ina tankaɗen gari lokacin da maganar ta fito daga rediyo, sai da na ajiye rariyar na ƙara sautin. Maigidana ya ce gobe za a kore ta. Ni kuwa na ce ba za ta jira kora ba, da kanta za ta kai takarda. Dukanmu ba mu canka ba. Buhari bai sallame ta ba, ita ma ba ta tafi ba. Atiku ya koma PDP kafin shekarar ta ƙare, ita tana nan a ofis. Wannan shekara gudar ce ke damuna har yau. Mace ta faɗi abin da maza da yawa a gwamnatin suke ɓoyewa a ciki, amma ta ci gaba da zama a teburin mutumin da ta ce ba za ta zaɓa ba. Da a ranar ta miƙa takarda, babu mai yi mini irin tambayarki.

Amma kada ki ɗora mata laifin ita kaɗai. Jam'iyyar da ta ji maganarta tun 2017 ta yi shiru, ta bar ta tana hidima da magoya baya a Taraba, sai da ƙofa ta kusa rufewa sannan aka tuna ba ta da biyayya. Wannan riƙe wuƙa ne a bayan baya. Kuma a watan nan ɗaya, Kemi Adeosun ta sauka daga ma'aikatar kuɗi ranar 14 ga Satumba kan zargin cewa takardar yafe mata bautar ƙasa ta jabu ce, fiye da wata biyu bayan jaridar Premium Times ta fallasa batun. Adebayo Shittu, ministan sadarwa, shi ma APC ta hana shi takarar gwamnan Oyo don bai yi bautar ƙasa ba, amma ya ci gaba da zama a kujerarsa har wa'adin gwamnatin ya ƙare a Mayun 2019. Mata biyu sun tafi, namijin bai motsa ba. Ke da kike shirin neman kansila a mazaɓarku, wannan ya shafe ki kai tsaye.

Mama Taraba ta tsaya a UDP a 2019 ba ta kai labari ba, daga baya ta koma PDP, jam'iyyar da ta fara kai ta majalisar dattawa daga Taraba ta Arewa a 2011. Ta rasu a Alƙahira a watan Mayun 2021. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata kurakuranta. Idan kin shigo gari ki biyo gida, har yanzu ina da fostarta ta 2015 a cikin akwati, zan nuna miki.

Taki,
Yayarki a Jalingo