Zuwa ga Sakataren Ƙungiyar Manoman Riɗi, Kan Manhajar da Mai Ita Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum Malam Sakatare. Ina gajiya, ya iyali, ya aka ji da jama'a?

A taron ƙungiya na bayan girbi ka miƙe gaban mutane ka jefo mini tambaya, magariba ta raba mu ban ba ka amsa ba. Ka ce manhajar da kuke rubuta bashin taki da buhunan riɗin kowa a cikinta ta fara gardama a sababbin wayoyi, bawan Allahn da ya rubuta ta ya sake ta kyauta kuma ya yi shiru wajen shekara biyu, ba ya amsa saƙo. Wani yaronku mai karatun kwamfuta a Kazaure ya ce zai iya gyara ta, kai kuma zuciyarka ta ƙi kwanciya: taɓa kayan mutum a bayan idonsa ba cin haƙƙi ba ne? Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa.

Ba cin haƙƙi ba ne, Allah gafarta Malam. Na buɗe rubutun manhajar a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, na karanta takardar izinin da ya haɗa da ita. Lasisin MIT ne, abin da ya ƙunsa kuwa gajere ne: kowa na iya kwafa, ya canza, ya raba, har ya sayar, da sharaɗin kada a goge sunan mai asali da wannan izinin. Da wani lasisin ne mai suna GPL, da an ƙara sharaɗin cewa duk wanda ya raba gyararriya sai ya buɗe nasa rubutun ga kowa. Inda za a tsaya cak shi ne idan babu lasisi kwata-kwata, don nan haƙƙin yana hannun mai shi ko da kowa na ganin rubutun. Mutumin nan rijiya ya haƙa ya ce sadaka ce. In ya yi tafiya ta fara cushewa, yasarta ta koma wuyan masu sha. Haka manya suka yi: LibreOffice, manhajar aikin ofis da ke kan kwamfutoci da yawa, reshe ce, wato kwafi da aka ci gaba da ginawa daban, da aka cire daga OpenOffice a 2010, lokacin da masu aikin suka ga kamfanin Oracle ya sayi Sun, kamfanin da ke riƙe da ita, kuma makomarta ba tabbas.

A takardar nan dai akwai wani layi da mutane ba sa son karantawa, inda ya ce ya bayar da ita yadda take, ba lamuni. Ba ku bin sa bashin gyara. Shi ya sa ban ji daɗin shawarar da wasu suka kawo a taron ba, wai a yi ta aika masa saƙo har sai ya gaji ya miƙa ragama. Ba mu san abin da ya same shi ba. Ko rashin lafiya ce, ko neman abinci ya sha kansa, ko ma rai ya yi halinsa.

Kuma irin wannan matsin ya taɓa jawo bala'i. Akwai wata ƙaramar manhaja mai matse fayil, XZ Utils, da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux (wani tsarin tafiyar da kwamfuta). Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana riƙe da ita ba albashi. Sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara kawo gyare-gyare masu kyau, wasu baƙin sunaye kuma suka dinga yi wa Collin gorin cewa aiki ya tsaya, ya nemi mataimaki. Ya yarda. Bayan fiye da shekara biyu yana neman yardar mutane a hankali, Jia Tan ya ɓoye ƙofar sata, wato hanyar kutsawa kwamfuta a asirce, a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga kwamfutarsa ya ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono ta. Da bai damu da wannan rabin daƙiƙar ba, da abin ya bazu duniya. Don haka fayil ɗin nan da ake yawo da shi a WhatsApp ana cewa sabuwar fitowa ce, don Allah ka hana kowa sa shi. Ba wanda ya san hannun da ya haɗa shi, kuma a wayoyin nan ne manhajar bankin mutane take.

Kafin yaron ya taɓa komai, a fara ceto lissafi. A fitar da bayanan daga wayarka da ta ma'aji, a adana a wuri biyu, a kuma kwafe bashin kowa a littafi da biro. Wannan ba ƙauyanci ba ne. Ranar da za a kai riɗi kasuwar Maigatari, ba za a ce wa mutum ya jira a gyara waya kafin a san buhunsa nawa ba.

Sannan yaron ya yi gyaran, ya aika wa mai ita cikin ladabi, ya gode masa, ya ce ga abin da ya lalace ga maganinsa, in yana so ya karɓa. Ciwon ba babba ba ne: tun Android 10 da 11 aka tsaurara yadda manhaja ke taɓa fayilolin waya, ita kuma tana bin tsohuwar hanya. A ba mai ita wata guda. In shirun ya ci gaba, a cire reshe a fili, a sa masa sabon suna, a rubuta a layin farko daga ina aka ɗauko da dalili, a bar ƙofa buɗe ko zai dawo.

Ga wani abu da yaron zai iya mantawa, shi kuwa zai iya sa ku kuka. Kowace manhajar Android tana ɗauke da hatimin wanda ya haɗa ta, kuma hatimin mai asali yana wurinsa. Wayar za ta ƙi ɗora gyararriyar a kan tsohuwar, sai mai gaggawa ya goge tsohuwar, lissafin shekara ya tafi da ita. A ba sabuwar lambar shaida tata daban domin su zauna tare a waya ɗaya, a kwashe bayanan a tsanake, a gwada da littafi, sannan a goge.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ku maimaita abin da ya kawo mu nan. Yaron nan zai gama karatu, ya tafi bautar ƙasa, wataƙila ya sami aiki Kano ko Abuja. In shi kaɗai ke da hatimi da kalmar sirri, nan da shekara biyu wani sakataren zai sake yin tambayarka. A samo masa na biyu mai duba duk abin da ya canza kafin a saki, a ajiye kwafin hatimin a hannun ma'aji, a kuma ware masa kuɗin data da ɗan abin hasafi daga asusun ƙungiya. Kada a roƙe shi sababbin ƙawace-ƙawace. Riƙe ta da rai kawai ya ishe shi aiki.

Ni zan zama mai dubawa na biyu har a samu wani a kusa da ku. Ka ce ya kira ni kafin ya fara, ka kuma gaida mini shugaba da ma'aji.

Wassalam,
Ƙaninka mai aikin manhaja