Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Kano: a buɗe wa matasanmu da maƙwabtanmu ƙofa a asusun lafiya

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a kan asusun kula da lafiya na Jihar Kano, wanda ake kira KHETFUND. Dokar da ta kafa shi a 2017 ta tanadi a riƙa zuba masa kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar da jiha ke tarawa, da kashi 1 cikin 100 na kason ƙananan hukumomi 44. Gadonsa ka yi, amma yau a hannunka yake. Roƙona shi ne a ware wani kaso tsayayye daga cikinsa, a rubuce cikin doka, domin jinyar matasan da shaye-shaye ya kama, da kuma karɓar maƙwabtanmu duk ranar da iftila'i ya afka musu. Ni ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya, don haka maganar tawa ta ɗakin kwantar da marasa lafiya ce, ba ta ofis ba.

Ranka ya daɗe, ka san abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, daren Talata 15 ga Oktoba 2024. Tankar fetur da ta taso daga Kano ta kife, mai ya malala cikin kwalbati, jama'a suka fito da jarkoki da bokitai suna kwasa, wuta ta tashi. Washegari aka yi jana'izar gawarwaki a kabari guda, adadin mamata ya haura 150, ya kuma ci gaba da ƙaruwa a gadajen asibiti har tsawon makonni. Asibitocin Ringim da Haɗeja suka cika, aka riƙa turo waɗanda ƙunarsu ta yi tsanani zuwa Kano. Ka yi ta'aziyya, gwamnatinka ta ba da gudummawa, Allah ya saka da alheri. Sai dai cekin ta'aziyya yakan iso ne bayan kwanaki, shi kuwa wanda wuta ta ci rabin jikinsa, a yinin farko ake sanin ko zai tashi.

Bari in faɗi yadda abin yake, domin ba kowa ya taɓa tsayawa a kan mai ƙuna ba. Fatar da ta ƙone ba ta riƙe ruwa. Ruwan jiki tsiyayewa yake yi, jini ya yi kauri, idan ba a ɗura wa mutum leda bayan leda ta ƙarin ruwa cikin awa 24 na farko ba, ƙoda ta tsaya. Wanda ya tsallake wannan sai ya shiga yaƙi da ƙwayoyin cuta. A wanke ciwo, a shafa magani, a naɗe da bandeji, a sake kwancewa a wanke, ana yi yana ihu, shi ya sa maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi ya zama dole. Yana buƙatar ƙwai da madara da nama fiye da mai lafiya, domin da su jiki ke gina sabuwar fata. Daga baya ga dashen fata, ga gashin gaɓoɓi don kada hannu ya ƙanƙance ya manne da ƙirji. Wata uku, wata shida, wani har shekara. A irin wannan lokaci 'yan jarida sun tafi, manyan baƙi sun daina zuwa, sai majinyaci kaɗai, yawanci tsohuwa, zaune a kan tabarma a gindin darbejiya, riƙe da takardar magani da ba ta iya karantawa balle ta saya. Na ga uwar da ta sayar da injin markaɗenta don bandeji da auduga kawai. Kuɗin ya ƙare kafin ciwon ya rufe.

Majiya kuwa ba ita kaɗai ba ce. Wata biyar kafin ita, a Mayun 2024, mun ga masallatan da aka cinna wa wuta a yankin Gezawa, a cikin jiharka. A Janairun 2025 wata tankar ta yi irin wannan ɓarna a mararrabar Dikko ta Jihar Neja. Muddin a kan titi ake jigilar fetur, kuma talauci na tura mutane kwasar ganima a bakin mutuwa, to za a sake. Ga ruwa kuma. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, ya shiga har asibitin koyarwa na jami'ar garin ya lalata na'urori, cikin 'yan makonni kwalara ta biyo baya. Idan babban asibiti irin wannan ya tsaya, masu wankin ƙoda da masu jinyar ciwon daji ba sa iya jiran a gyara, mota suke shiga su nufi inda ake aiki. Kano na cikin wuraren da suke fara tunawa, kamar yadda mutanen Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna tunawa da ita.

Jigawa kuwa haƙƙinta a kanmu ya fi na kowa. Sai a 1991 aka yanke ta daga Kano, da wuya ka sami gida a Fagge ko Kurna da ba shi da dangi a Gumel, Kazaure ko Birnin Kudu. Sannan ruwan da muke tarewa a Tiga da Challawa, idan ya cika ya tumbatsa, kogin Haɗeja yake bi. Mu muna noman rani da shi a Kura da Kadawa, su kuma a Ringim da Auyo da Guri suna kwana a kan titi cikin damina, kamar yadda aka gani a 2022. Mun ci moriyar ruwan, bai kamata mu ce ciwon da ya bari a can ba namu ba ne.

Wani zai ce me ya haɗa wannan da 'yan shaye-shaye. Duk wanda ya ga hotunan Majiya ya ga yawan samarin da ke cikin mamatan. Yaron da ba shi da aiki, ba shi da makaranta, wanda cire tallafin mai a 2023 ya mayar da jarkar fetur ta zame masa dukiya, shi ne yaron da ke zaune a lungu da daddare yana haɗiyar ƙwaya. Mutum ɗaya ne, hanyar da mutuwa ke biyo masa ce ta bambanta.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A 2018 ɗin ce rahoton BBC ya fallasa cinikin maganin tari mai kodin, duniya ta ga samarinmu ɗaure da sarƙa a gidan gyaran hali na Dorayi, gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin da shigo da shi. An yi ƙoƙari tun daga nan. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na kama dillalai, an kuma tashi 'yan kasuwar magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024 don a san abin da ke shiga da fita. Duk wannan aikin toshe hanyar kaya ne. Shi kuwa yaron da jikinsa ya riga ya saba, idan kodin ya yi tsada sai ya koma tiramol, ko roci, ko sholisho, ko duk abin da ɗari biyunsa za ta saya.

Abin da ya rage a baya shi ne jinya. Iyaye da yawa ba su san shaye-shaye ciwo ne da likita ke dubawa ba. Wanda ya sani kuma, kuɗin gado da magani a asibitin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau ya fi ƙarfinsa, ga tsoron a ce ɗansa ya haukace, ƙannensa mata su rasa mijin aure. Shi ya sa makarantun mari suka samu kasuwa. Ba a manta samamen Rigasa a Kaduna a 2019 ba, inda aka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. An rufe irin waɗannan gidaje, kuma daidai ne. To amma uwar da ɗanta ya sace mata zannuwa ya sayar, ya ɗaga wa ubansa wuƙa, ina aka ce ta kai shi? Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare mutuncin mai irin wannan lalura, sai dai doka ba ta biya wa kowa kuɗin gado.

Cibiyar gyaran tarbiyya ta Kiru abin yabo ce, haka ma afuwar da ake yi wa tubabbun 'yan daba su ajiye makamai. Amma na sha ganin yadda ake komawa ruwa. Yaro ya yi wata uku a killace, ya yi ƙiba, fuskarsa ta washe, har ya haddace wasu surori. Ranar da aka sallame shi, unguwar nan dai zai koma, majalisar nan, mai sayar da ƙwayar nan da ke ba da bashi. Ba wanda zai ɗauke shi aiki, don kowa ya san tarihinsa. Kafin sallah ta zagayo ya koma inda ya fito, iyaye kuma su ce sun yi iya yinsu. Watannin da ke bayan sallama su ne jinyar ta gaskiya, su ne kuma ba wanda ke ɗaukar nauyinsu. Kaso daga asusun zai iya biyan ma'aikaci a asibitin sha-ka-tafi na kowace mazaɓa da aka horar ya gane mai shaye-shaye tun da wuri, ya riƙa ganinsa duk mako bayan an sallamo shi, ya san ubangidan da aka kai shi koyon walda ko ɗinki. 'Yan mata da matan aure kuwa suna buƙatar sashensu daban, da mata masu duba su. Babu magidancin da zai kai 'yarsa inda samari ke kwance, gara ya kulle ta a ɗaki ya ce aljanu ne.

Na san abin da masu riƙe da lalitar gwamnati za su ce maka: kuɗin Kano na Kanawa ne, asibitocinmu ma ba su ƙoshi ba, ga mashaƙo da ta addabe mu a 2023, ga tamowa, ga mata na mutuwa wurin haihuwa. Gaskiya ne. Sai dai maƙwabcin da ya ƙone zai zo ko an shirya masa ko ba a shirya ba, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti mayar da mai buƙatar agajin gaggawa. Idan babu tanadi, ruwan da aka ajiye wa Bakano shi za a ɗura masa, ma'aikatan da ke duba ɗakin haihuwa su za a janyo. Ashe ajiye kaya domin baƙo kare ɗan gida ne. Ba kuma Kano kaɗai za ta ɗauki nauyin ba. Dokar ta 2014 ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko na tarayya domin agajin gaggawa, sai a nemi haƙƙinmu a can. Ga Hukumar Raya Arewa maso Yamma da aka kafa a 2024, a Kano hedikwatarta take. Ga zauren gwamnonin yankin da kake zama a ciki. Ka kai musu maganar yarjejeniya: kowace jiha ta karɓi mutanen 'yar'uwarta nan take ba tare da tambayar kati ko kuɗi ba, gwamnatoci su yi lissafi tsakaninsu daga baya.

Abin da ake buƙata a aikace ba shi da wuyar faɗi. Rumbun kayan gaggawa da ba a taɓawa sai ranar masifa, ana sabunta shi kafin wa'adin magani ya ƙare. Gadaje na musamman ga masu ƙuna a asibitin Murtala, da fahimtar juna a rubuce da asibitin Malam Aminu Kano da na ƙashi na Dala, tunda su na tarayya ne kuma suna da ƙwararru kan gyaran fata. Ayarin likitoci da ma'aikatan jinya da aka san sunayensu tun kafin a buƙace su, da motar da ke da mai a tanki. Da izini ga shugaban asusun ya fitar da kuɗi cikin dare ba sai fayil ya zagaya ofisoshi ba, ya yi bayani bayan an ceci rai.

Wannan izinin shi ya kawo ni magana ta ƙarshe, wadda na san ba ta da daɗin ji. Kuɗin gaggawa ya fi kowane kuɗi saurin yin ƙafa, domin a cikin ruɗani ba mai tambayar rasit. Don haka ina roƙon a riƙa buga lissafin asusun duk wata uku, da Hausa, a karanta a rediyo: nawa doka ta ce a zuba, nawa aka zuba da gaske, nawa aka kashe, a wane asibiti. A sa wakilan ƙungiyoyin likitoci da ma'aikatan jinya, da masarauta, da malamai, da iyayen da suka taɓa jinyar ɗa mai shaye-shaye cikin masu sa ido. Attajiran Kano ba marowata ba ne, mun ga abin da suke bayarwa idan gobara ta tashi a kasuwa ko ruwa ya ci gari. Da yawansu za su zuba zakka da sadakarsu a asusun da suke iya ganin ƙasansa.

Idan dokar 2017 ba ta ba da damar kashe kuɗi a kan wanda ba ɗan jiha ba, Majalisar Dokoki na nan, sai a aika mata da gyara kafin a kammala kasafin kuɗi na gaba, kuma kafin damina ta sake cika Tiga.

Allah ya taimake ka, ya yi riƙo da hannunka.

Naka,
Wani ma'aikacin jinya mai ritaya,
daga birnin Kano.