Zuwa ga Ƙanwata da Ta Yi Tambaya Kan Baƙi da Tukunyar Karo-karo

Ƙanwata, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

A taron matasa na majami'a kin miƙe kin tambaye ni gaban kowa. Kin ce ku huɗu kuka kama haya a Samaru kuna karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, gidanku ba ya rabuwa da baƙi, shinkafar wata ba ta kai mako biyu, har ɗayarku ta fara ɗaure fuska. Shin rage baƙi rashin bangaskiya ne? Lokaci ya ƙure mana ran nan, shi ya sa na rubuto a fili, don na ga masu gyaɗa kai da yawa.

A'a, ba rashin bangaskiya ba ne. Kafin ki ga laifin mai ɗaure fuskar nan, ki fara sanin nawa ake turo mata daga gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, akwai ɗalibar da sai uwarta ta sayar da buhun masara ake haɗa mata kuɗin wata. In kin kwashi tuwo kin miƙa wa ƙawarki, ke za a yi wa godiya, alhali kashi uku cikin huɗu na tuwon nan gumin sauran ukun ne.

Na san ayar da ke damunki, 1 Bitrus 4:9, mai cewa mu karɓi juna baƙunci ba da gunaguni ba. To, ki haɗa ta da Ayyukan Manzanni sura 6. A Urushalima ma gunaguni ya tashi, masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Manzannin ba su tsawata musu ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, su riƙe aikin. Wani tsohon littafin koyarwar ikilisiyar farko, Didake, ya ma yanke wa matafiyi kwana biyu ko uku, in zai zauna ya nemi sana'a ya ci. Su ma sun san baƙo raɓa ne.

Ga yadda muka yi a zamaninmu na ɗalibta. Ranar Lahadi bayan sujada ƙofa a buɗe take. Mu ɗora shinkafa da wake a babbar tukunya, mai zuwa ya riƙo abin da ya samu: wannan albasa, wancan kwalbar manja, wani ƙullin gawayi. Wanda ya zo hannu rabbana shi ne na wankin kwano, kuma ba wanda ya taɓa jin kunyar haka. Sauran ranaku, wadda ta gayyato baƙo daga rabonta za ta ciyar da shi.

Maƙwabciyarmu Musulma ce, kusan kowace Lahadi da ita ake ci. In lokacin salla ya yi sai mu miƙa mata buta mu share mata gefen ɗaki. Kajin Kirsimeti ma ƙanenta muke ba wa ya yanka don ta ci hankali kwance. Ba mu taɓa ɓoye addu'ar cin abinci don tana nan ba, ba mu kuma taɓa tare ta da wa'azi tana tsakiyar loma ba. Wannan ɗabi'ar ta kiran mutum cin abinci don a ritsa shi, ni dai ba na sonta ko kaɗan.

Wadda ta rasa wurin kwana da gaske, ba gado a makaranta ba kuɗin haya, maganarta daban ce. Kada ku bar ta a waje. Amma ku huɗun ku amince tare, ku faɗa mata iyakar kwanakin tun ranar farko, ku kai maganar ga shugabannin zumuntar ɗalibai ko limamin majami'arku, domin nauyin ya fi ƙarfin tukunyar mutum huɗu.

Ku zauna bayan addu'ar dare, kowa ta faɗi abin da take iya bayarwa a wata. Ku bar mai ɗaure fuskar ta fara magana, kada ki katse ta da aya.

Taki,
Yayarki cikin Almasihu