A Bai Wa Kowane Yaro Littafin Rubuta Abin Da Ke Ransa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin iyaye da malaman ƙananan azuzuwa zuwa ga wata hanya mai sauƙi da ba a cika kula da ita ba, wato a ware wa kowane yaro littafi nasa na kansa, ya riƙa rubuta abin da ya gani ko ya ji a kullum, ko da na minti goma ne.

Yaro ɗan shekara huɗu ba ya fara rubutu da jimla. Da zane yake farawa, sai wasu siffofi masu kama da haruffa, daga baya ya riƙa sa harafin farko a madadin kalma ɗungurungum. Idan babba ya tambaye shi abin da ya rubuta, ya saurare shi, sannan ya rubuta maganar yaron a ƙarƙashin zanen, yaron zai gane cewa abin da baki ya furta ana iya ajiye shi a takarda a karanta gobe. A wajen ba da wannan bayani ne yake neman sababbin kalmomi, yake kuma koyon jera labari daga farkonsa zuwa ƙarshensa.

Abin da ya fi damuna shi ne jan biro. A shekarar 1971, wani masanin harshe mai suna Charles Read ya nazarci rubutun yaran da ba su shiga firamare ba a Amurka, ya nuna cewa kurakuransu suna da tsari, domin suna rubuta kalma ne bisa yadda kunnensu ya ji sautinta. Yaron da aka cika wa shafi da gyara zai koma rubuta kalmomin da ya tabbatar da su kaɗai, kuma daga nan rubutunsa ya tsuke. Ya fi amfani malami ya amsa masa da jimla ɗaya ko biyu a kan abin da ya faɗa, yana maimaita kalmomin yaron a rubuce daidai. Gyaran ƙa'idojin rubutu yana da nasa darasin.

Ina kira ga shugabannin makarantu su sa wannan lokaci a jadawalin darussa, su kuma bar yaro ya yi rubutun da harshen da yake tunani da shi.

Naku,
Wani malamin firamare